Baƙin bututu da baƙin tanki: kariya ce daga rana, ko rufa-rufa?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu huɗu ne za mu haɗa kuɗi mu ja ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa gonakinmu na albasa a Bunkure. Nisan zai kai mita 300, kuma a bisa ƙasa za a shimfiɗa bututun. A kasuwa an nuna mana fari da baƙi. Mai shago ya ce baƙin ya fi jure rana. Abokin haɗina kuma ya ce baƙin bola ce aka narka aka zuba mata kala. Don Allah wanda ya sani ya warware mana, kuɗin ba kaɗan ba ne.

Kawu Na Kadawa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, sayi baƙi. Akwai baƙin bututun da maƙwabcina ya shimfiɗa, yaran da aka haifa a lokacin yanzu suna da nasu 'ya'yan, kuma yana nan yana ba da ruwa. Fari kuwa in ya sha rana, saniya ta taka shi sau ɗaya ya gama aiki.

Mai Albasa:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Ni ne abokin haɗin da ake magana. Ba da ka na faɗa ba. Baƙin da na saya bara ko rani ɗaya bai fitar ba, ya dinga tsagewa ta tsawo, na ɗaure nan da robar tayar keke can ya ɓalle. Da na yanka shi na ga wasu tsakuwoyi-tsakuwoyi a cikin namansa. In baƙi ne ke sa ƙarko, me ya hana nawa?

Injiniya:
Kawu yana da gaskiya, Yaya Mai Albasa ma yana da gaskiya, don ba abu ɗaya kuka saya ba ko da yake launin ɗaya ne. Na yi aiki a wata masana'antar roba a Sharaɗa, a kan injin da ke fitar da bututu, bari in faɗi abin da na sani.

Abin da ke baƙanta roba wani gari ne da ake kira kabon-bilak. Ba gawayi ba ne, ba kuma fenti ba. Daga mai mai kauri ake yin sa, irin wanda ke saura a matata bayan an cire fetur da kananzir da gas. Ana fesa man cikin tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,300, a tauye masa iska don kada ya ƙone ƙurmus, sai a kashe zafin da feshin ruwa a tace garin. Laushinsa ya wuce misali: irin wanda ake sa wa bututu, sai ka jera ƙwayoyinsa dubbai kafin su kai kaurin gashi ɗaya.

Ita kuma roba, in da za ka iya leƙa cikinta, dogayen sarƙoƙi ne na sinadari da suka cuɗe da juna, ƙarfinta ke nan. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, ana ce masa UV. Shi ne, tare da iska, ke tsinka sarƙoƙin nan sannu a hankali. Duk mun san yadda buhun taki ke zama in an bar shi a rana, ka ɗaga shi ya zube ya zama gari. To wannan ne. Aikin baƙin garin shi ne ya tare hasken tun a fatar bututun, ya shanye shi ya mai da shi zafi, kada ya kai ga naman ciki. Har yau babu wani abu mai araha da ya kai shi a wannan aiki. Shi ya sa robar wayar lantarki ta kan turke baƙa ce.

Mai Albasa:
To Injiniya, ai nawa ma baƙi ne wuluk.

Injiniya:
Nan ne matsalar take, Yaya. Baƙanta roba abu ne mai sauƙi, ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ka zuba za ta fito baƙa ƙirin. Amma ƙa'idar duniya ta bututun ruwa, wadda ake kira ISO 4427, ta ce garin ya zama kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari na nauyin robar. Kuma ba a zuba shi a gari haka nan. Yana zuwa ne a dunƙule cikin ƙananan ƙwayoyin roba da muke kira mastabac, galibi kashi 40 cikin ɗari nasu baƙin gari ne. Lissafin a fili yake: buhu huɗu na roba masu kilo 25, wato kilo 100, suna son mastabac wajen kilo 6. Wanda ke neman rage kashe kuɗi sai ya zuba kilo 1. Ido ba zai bambance ba. Rana ce kawai za ta bambance, ita ma sai kaya sun bar shago.

Bayan yawa akwai gaurayuwa. Ko an zuba isasshe, in injin bai murje shi ya watsu ko'ina ba, wani wurin zai yi gudaji, wani wurin ya zama babu. Inda babu garin, rana ta shiga, inda ya yi gudaji kuma nan tsagewa ke farawa idan ruwa ya matsa. Tsakuwoyin da ka gani ko dai gudajin nan ne, ko dattin tsohuwar roba da bai narke ba.

Alaramma:
Na fahimci wannan sarai. Mu ma a tsangaya, tawadar da aka haɗa da kunkunniyar tukunya da ƙaro, in ba a dama ta da kyau an tace ba, a cikin kurtu baƙa ce, amma kana ɗora alƙalami a allo za ka ga rubutun yana da dishi-dishi da tsaki. Tambayata, Injiniya: tunda hayaƙi ne asalinsa, me zai hana masu ƙananan masana'antu su tara baƙin janareta ko na taya su zuba?

Injiniya:
Allah gafarta Malam, wasu na yin abin da ya yi kama da haka, kuma shi ne abin gudu. Baƙin hayaƙin salansa cike yake da kwalta da toka, girman ƙwayoyinsa barkatai. Na masana'anta kusan tsantsar kabon ne, kuma an auna girman ƙwayarsa. Akwai kuma wanda ake samowa ta dafa tsofaffin tayoyi a rufaffiyar tukunyar ƙarfe. Yana da amfaninsa a takalmi da tabarmar mota, amma tokarsa na da yawa, bai dace da abin da ruwan sha zai bi ba.

Alhaji Mai Tiyo:
Na karanta duka. Ina so in yi magana a madadin 'yan kasuwa, don kullum mu ake zagi. Ni a shagona iri uku nake ajiyewa, kuma wallahi ba na ɓoye wa kowa. In mutum ya zo na ce ga na sabuwar roba, ga na haɗi, ga na narki zalla. Mafi yawa suna jin kuɗin na farko sai su ce Alhaji ba ni na ƙarshen, ai duk baƙi ne. In ya fashe kuma a ce Alhaji ya cuce ni. Masana'anta ba za ta yi abin da ba a saye ba.

Mai Albasa:
Ranka ya daɗe, kai kana faɗa, amma ba kowa ke faɗa ba. Ni wanda ya sayar min ce min ya yi na waje ne.

Alhaji Mai Tiyo:
Wannan kam bai kyauta ba, kuma haƙƙinka na kansa. Bari in ba ku abin da za ku duba da kanku, kada ku dogara da bakin kowa, har ni. Bututun kirki yana da rubutu a jikinsa da ke maimaituwa daga farko har ƙarshe: sunan kamfani, faɗinsa, kaurinsa, sai PE80 ko PE100, wato sunan irin robar (PE) da darajar ƙarfinta, sai PN da lamba, wato yawan matsin ruwan da zai ɗauka. Na ruwan sha sau da yawa za ka ga shuɗin layi a jikinsa. A nemi tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya. Wanda babu ko harafi ɗaya a jikinsa, mai shi ma bai yarda a san shi ba. Sannan ka shinshina bakinsa. Na narki yana ɗauke da warin abin da ya taɓa zama, wani sabulu, wani man juye. Ka leƙa ciki, na kirki sumul yake yana sheƙi.

Injiniya:
Alhaji ya gama magana, ƙari ɗaya zan yi. Ku nemi a yanko muku ɗan guntu ku jefa a kofin ruwa. Robar PE ta fi ruwa rashin nauyi, ko da baƙin garin a cikinta za ta taso. In ta nutse, to an cika ta da garin farar ƙasa don ta yi nauyi a sikeli, ko kuma ba PE ba ce sam. Wannan garin farar ƙasar na cikin abin da ke sa bututu ya yi gautsi. Gwajin ba zai nuna muku yawan kabon-bilak ba, wannan sai ɗakin gwaji inda ake ƙone robar a auna abin da ya saura, amma zai fitar da mafi muni. Kuna iya feƙe ɗan siririn yanki da reza ku ɗaga wa rana. In kun ga zane-zane, wani wuri haske wani wuri duhu, gaurayuwar ba ta yi ba.

Farin da aka nuna muku kuwa, da alama PVC ne, wata irin roba daban da PE. Ba shi da laifi, amma na binnewa ne ko na cikin gini. A fili sai an shafe shi da fenti ko an rufe shi.

Baban Hafsat:
Na gode ƙwarai. To amma baƙi ai yana jan zafi. Ruwan ba zai ƙone mana shuka ba?

Injiniya:
Yana ja sosai. A watan Afrilu nan Kano zafin inuwa ma yana haura digiri 40, balle baƙin abu a rana tsaka. Ruwan da ya kwana a cikin bututu ya wuni, na farkon fitowa a bar shi ya zube a kwalbati kafin a juya wa fangali. Abu na biyu, lambar PN da ke jiki an auna ta ne a digiri 20. In zafi ya kai 40, ƙarfin ɗaukar matsi na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka kada ku sayi wanda ya yi daidai wa daida da injinku, ku ɗan haura. Na uku, yana miƙewa da rana ya tsuke da dare. Bututu mai mita 100 zai iya motsawa da santimita 30 zuwa 40 tsakanin sanyin asuba da zafin azahar. Kada a ja shi tsam a ɗaure, a bar shi ya ɗan yi lanƙwasa. In kuna da hali ku tura masa ƙasa ko ku rufe shi da kara, ya huta da rana ya huta da kofato.

Ɗan Auta:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki, wannan na cikin abin da muke karantawa. Tayoyin mota na farko ba baƙaƙe ba ne, farare ne. Wajajen 1910 aka fara zuba musu wannan gari a Amurka, aka ga sun ninka daɗewa. Har gobe taya ce ke cinye mafi yawan abin da ake yi a duniya, wajen kashi 70 cikin ɗari, kuma ana yin fiye da tan miliyan 10 a shekara. Kason roba irin ta bututu da leda kaɗan ne. A 1956 wani masani baƙar fata ɗan Amurka mai suna Walter Lincoln Hawkins, shi da abokin aikinsa a cibiyar bincike ta kamfanin Bell, suka samar da haɗin da ya sa robar da ake lulluɓe wayar tarho da ita take shekaru da yawa a waje ba ta lalace ba, kuma baƙin garin nan na cikin haɗin. Kafin nan da darma ake lulluɓe wayar.

Abin da ya fi min ciwo shi ne muna da wurin yin sa a ƙasar nan. A matatar Warri akwai sashen kabon-bilak da aka buɗe a 1988, an tsara shi ya riƙa fitar da tan 18,000 a shekara. Ɗanyen kayan na ƙarƙashin ƙasarmu, amma masana'antunmu na jiran kwantena daga waje, kuma duk motsin dala sai ya taɓa kuɗin tiyon manomi a Garun Malam.

Maman Khalifa:
Ku yi haƙuri na shigo maganar maza. Ni a Ringim nake, ina sayar da koko da ƙosai. Tambaya biyu gare ni. Tankinmu na gida baƙi ne, daga shi muke sha. Kuma kokon nan a leda nake ƙulla wa mutane, wani lokacin fara ta ƙare in sa baƙa. Tunda kun ce daga baƙin mai ake yin abin nan, ba guba nake ba mutane ba? Hankalina ya tashi.

Injiniya:
Kwantar da hankalinki, Maman Khalifa. Maganar tanki daban, ta leda daban. Baƙin tanki alheri ne, domin haske ba ya ratsa shi, gansakuka kuma ba ta tsira a duhu. Farin tanki mai shara-shara shi ne za ki ga cikinsa ya yi kore. Garin da ke cikin jikin tanki a kulle yake cikin roba, ba ya narkewa a ruwa. Turai da Amurka duka sun yarda a sa shi a robar abinci, da sharaɗin ya zama mai tsafta na musamman kuma kada ya wuce kashi 2.5 cikin ɗari. Masu kyau ma hawa biyu ake yi musu, waje baƙi ciki fari, don a ga datti a wanke. Ki yi masa rumfa saboda zafi, ki rufe murfin, shi ke nan.

Malamar Asibiti:
Injiniya, ban ƙi maganarka a kan tanki ba, amma kada 'yar'uwata ta tafi da cewa ledar ma haka take. Maman Khalifa, ki daina zuba koko mai zafi a baƙar leda, ina roƙonki. Ba don baƙin garin ba, don abin da yake rufewa. In an tara roba kala-kala daga bola aka narka, launin da ke fitowa mummuna ne, baƙi ne kaɗai ke iya shafe shi. Wa ya san abin da robar nan ta ɗauka a da? Jarkar maganin feshi ce, galan ɗin man juye ne, ko kayan da aka kwaso a bayan asibiti? Zafi da maiƙo su ne ke janyo abin da ke jikin roba zuwa cikin abinci, koko da ƙosai kuma ga zafi ga mai. Yara ƙanana ne suka fi shan kokon nan da safe. Ki ce kowa ya zo da kofinsa ko kwanonsa kamar yadda iyayenmu ke yi, ƙosai kuma a farar takarda mai tsafta.

Ɗan Auta:
Anti ta yi gaskiya. Masu bincike a Turai da Amurka sun gwada baƙaƙen kayan girki na roba da kayan wasan yara, suka tarar da sinadarin hana kama wuta a cikin wasunsu, irin wanda ake sa wa jikin talabijin da kwamfuta. Ma'ana an narka tsofaffin kayan lantarki an mai da su ludayi. Can ƙasashen ma injinan da ke tantance shara da haske ba sa gane baƙar roba, don garin yana shanye hasken, sai ta wuce ba a ware ta ba.

Maman Khalifa:
Malama na ji, kuma na gode. Sai dai masu wucewa kan babur zuwa gona ba sa yawo da kofi, in na ce babu leda gaba za su yi wurin wata. Baƙar dai na bar ta daga yau. Sauran kuma zan fara da maƙwabta masu aiko yara.

Malamar Asibiti:
Hakan ma ci gaba ne, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ki riƙa barin kokon ya ɗan huce kafin ki ƙulla.

Sarkin Fawa:
Tunda an zo kan leda, ni ma ina da kuka. Mu ne muke buɗe tumbin dabba, mu muka san abin da muke gani. Akuya ta yi ta ramewa, mai ita ya yi ta sayen maganin tsutsa, sai an yanka a tarar da dunƙulen leda a cikinta ya cika wuri. Abin da Injiniya ya yaba, wato rashin lalacewa a rana, shi ne masifar a nan, don ledar na daɗewa a juji tana jiran dabba. Masu shimfiɗa baƙar leda a kunyar tumatir da kankana don hana ciyawa, ku ji tsoron Allah ku kwashe ta bayan girbi kafin a saki shanu.

Kawu Na Kadawa:
Sarki, wannan gaskiya ce. Wani kuma ya taɓa ce min baƙin tanki na jan aradu. Injiniya, akwai wannan?

Injiniya:
Babu, Kawu. Gaskiya ne in an zuba garin da yawa sosai roba na iya ɗaukar lantarki, ana yin haka da gangan a wasu kayan. Amma kashi 2 na tanki bai kai ko kusa ba. Aradu tsawo take bi da ƙarfe, don haka doguwar hasumiyar ƙarfen da aka ɗora tankin ce ke son a haɗa ta da waya zuwa ƙasa.

Autan Inna:
Salamu alaikum. Ni ban taɓa magana a nan ba. Ɗan Taura ne ni, amma da rani ina zuwa birni aiki a wurin niƙa roba. Maigidanmu ba ya sayen mai ƙwayoyin nan, garin yake sayowa a buhu, mu muke zubawa da hannu mu juya da shebur. In mun tashi har majinarmu baƙa ce, kuma ina yawan tari da dare. Malama, wannan fa?

Malamar Asibiti:
Ƙanena, kai ne ka fi kowa a zauren nan bukatar a amsa maka. Haɗarin abin nan ba a tanki yake ba, a ƙurarsa yake. Hukumar binciken cutar daji ta ƙasa da ƙasa, IARC, ta sa shi a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa ya jawo cutar daji, kuma maganar shaƙar ƙurar ce. Ƙwayoyin sun yi ƙanƙantar da suke wucewa har can cikin huhu su zauna. Ƙyalle ko bakin rawani ba ya tare su, takunkumin asibiti mai shuɗi ma iska na shiga ta gefensa. Ka nemi mai rubutun N95 ko FFP2, wanda ke manne wa fuska, ka canja shi in ya toshe. Kada ku share wurin da busasshiyar tsintsiya, ku yayyafa ruwa tukuna. Kada ka ci abinci a wurin, kuma kayan aikin su tsaya can, kada ka kai wa Inna ta wanke ta shaƙa. Tarin nan kuma in ya kai mako biyu ka je asibiti a duba ƙirjinka a gwada majina, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati. Ka gaya wa likita ainihin aikin da kake yi.

Injiniya:
Ka kuma gaya wa maigidanku, cikin ladabi, cewa mastabac ba lafiyarku kaɗai zai tsare ba. Garin da aka juya da shebur ba ya taɓa gaurayuwa daidai, rabinsa na tashi a iska, kayan kuma su fito da gudaji a dawo masa da su. In ya yi lissafin asarar zai ga ƙwayoyin sun fi masa sauƙi.

Alhaji Mai Tiyo:
Yaro, ku nawa ne a wurin? Turo min adadinku ta akwatin sirri. Gobe in Allah ya kai mu ina shiga birni sari, zan sayo muku takunkumin da Malama ta faɗa, ka zo shago ka karɓa.